Daga Keɓewa zuwa Sha-ka-tafi: Waiwaye kan Tarihin Yaƙi da Kuturta da Ƙanjamau a Ƙasar Zazzau

1.0 GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka tunkari cutar ƙanjamau a Zariya da kewayenta, tun daga shekarar 1986 da aka ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya har zuwa 2025, sa'an nan ta gwada wannan tarihi da na wata cuta da ta daɗe a ƙasar Hausa, watau kuturta. Dalilin da ya sa muka haɗa su kuwa shi ne, dukansu biyu cututtuka ne waɗanda kunyarsu kan yi wa mai su nauyi kamar zafinsu, har ya gwammace ya ɓuya da ciwonsa da ya fito neman magani. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk lokacin da aka sami galaba a kan irin wannan cuta, abu biyu ne suka haɗu: an kai magani kusa da majinyaci, an kuma yi masa magana da harshen da bai tozarta shi ba. Za mu ga kuma cewa waɗanda ƙanjamau ta fi addaba a yau su ne waɗanda abubuwan nan biyu ba su kai gare su ba tukuna.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi. A wannan maƙala, karya-garkuwa na nufin ƙwayar cutar da likitoci ke kira HIV, wadda mutum kan iya ɗauke da ita shekara da shekaru ba tare da wata alama ba. Ƙanjamau kuwa ita ce matakin ƙarshe, sa'ad da garkuwar jiki ta rushe, cututtuka suka yi wa mutum taron dangi.

2.0 TUKUR-TUKUR DA MATSAYIN ZARIYA

Tukur-Tukur suna ne na dutse, da na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, da kuma na unguwar da ta kafu a wurin, wadda a yau mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Zariya. Mun zaɓi mu tsaya a nan mu hangi wannan tarihi saboda dalili biyu.

Na farko, nan ne tsohon birni ya yi iyaka da sababbin unguwannin da zamanin Turawa ya haifar. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, daga bisani aka ja reshe zuwa Jos, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wanda aka kammala a 1929. Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da baƙi. A 1924 aka kafa barikin horar da kuratan soja, a 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Hanyoyin mota na Kano da Sakkwato da Kaduna da Jos duk suka haɗu a garin. Ta haka Zariya ta zama matattarar ma'aikata da sojoji da ɗalibai da fatake da direbobi, mutanen da yawancinsu suka baro iyalansu a nesa. Ko'ina a duniya, a irin wannan gari ne cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa kan sami wurin zama, kuma ciwon sanyi da tunjere sanannu ne ga Hausawa tun kafin a ji sunan ƙanjamau.

Na biyu, a Tukur-Tukur ne aka gina Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945 domin buga littattafai da jaridu cikin harsunan Arewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, nan ta zauna. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai a kan tsafta da noma da kiwon lafiya, tare da jaridun larduna irin su Bazazzagiya. Watau Zariya ce cibiyar da aka fara gwada isar da ilmin zamani ga talaka da harshensa. Wannan gado yana da muhimmanci ga abin da za mu tattauna a gaba.

3.0 KUTURTA: DAGA SANSANI ZUWA SHA-KA-TAFI

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe bai kori kuturu daga gari ba ɗungurungum. Kutare suna da nasu sarki a manyan garuruwa, suna aure, suna bara a kasuwa da ƙofar masallaci. Amma ana ƙyamar cin abinci da su, kuma sunan cutar ya zama abin zagi da gori. Karin maganar nan da ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano ta isa ta nuna matsayin da aka ajiye shi: sai da dukiya yake samun abin da mai lafiya ke samu a sauƙaƙe.

Gwamnatin mulkin mallaka ta zo da tsarin keɓewa. A shekarun 1930 aka kafa sansanonin kutare na larduna, aka danƙa gudanar da su ga 'yan mishan tare da kuɗin En'e: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina. A ƙasar Zazzau kuwa Saye ce ta shahara, a kan tsohuwar hanyar Kaduna. Ko sunan Yadakunya kaɗai ya nuna cewa an fahimci inda gizo ke saƙar, domin kira ne ga majinyaci ya yar da kunya ya zo. Sai dai maganin wancan zamani, watau allurar man wata itaciya ta ƙasar Indiya, yana da zafi ƙwarai, amfaninsa kuma kaɗan ne. Ga shi kuma sai mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tare a sansani shekaru. Don haka waɗanda suka je ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda suka zauna a gida, kuma galibi sai cuta ta ci yatsu ake zuwa.

Abubuwa sun sauya a ƙarshen shekarun 1940, sa'ad da Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can Gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dafson mai araha tana maganin kuturta idan aka sha ta da baki. A farkon shekarun 1950 Dokta Charles Ross ya ɗora tsarin yaƙi da kuturta na Jihar Arewa a kan wannan ƙwaya. Maimakon a jira majinyaci ya tare a sansani, sai aka buɗe wuraren ba da magani na sha-ka-tafi a jikin ƙananan asibitocin En'e da ƙauyuka, mutum ya zo ranar da aka tsayar a mako ya sha maganinsa ya koma gona. Asusun UNICEF ya taimaka da ƙwayoyin. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru, masu karɓar magani a Arewa sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba, adadin da sansanoni ba su taɓa kusantarsa ba. Mutane suka fara zuwa tun cuta tana tabo a fata, domin zuwan bai raba su da kowa ba.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. Shan dafson ita kaɗai, ga yawan fashi, ya sa ƙwayar cutar ta riƙa bijire wa maganin, har a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a sha tare. Da wannan haɗi ne Nijeriya ta kai, a 1998, matsayin ƙasa da majinyaci 1 cikin mutum 10,000. Ita kuwa Saye, a 1991 ta zama Cibiyar Horarwa ta Ƙasa kan Tarin Fuka da Kuturta.

4.0 ZUWAN ƘANJAMAU: SHEKARUN TSORO DA MUSU, 1986-2001

A watan Yuni na 1981 likitocin Amurka suka ba da rahoton farko na wannan cuta, a 1983 kuma masana a Cibiyar Pasteur ta Faris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta. A Nijeriya an gano masu ita na farko a 1985, aka ba da sanarwa a 1986. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya kafa kwamitin masana a 1987. Amma cutar ta zo a mummunan lokaci, domin a 1986 ɗin ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, likitoci da yawa suka fice ƙasashen waje, asibitocin gwamnati suka koma sai majinyaci ya sayi kusan kome da kansa.

Jama'a kuwa sun karɓi labarin ta fuska biyu. Wasu suka ƙaryata, suka ce ƙirƙirar Turawa ce don a rage haihuwa. Wasu suka gaskata, amma suka ɗauke ta hukuncin Allah a kan mazinata kaɗai. Saƙonnin faɗakarwa na farko ma ba su taimaka ba, domin da tsoratarwa aka gina su: hoton ƙwarangwal, da jaddada cewa ba ta da magani. Sunayen da aka ba ta sun bi wannan sawu. Kalmar ƙanjamau daga ƙanjamewa take, watau ta zana mutumin da ya rame ya lalace. A bakin titi kuma aka riƙa ce mata kabari-kusa. Illar wannan suna biyu ce. Mai ƙiba da ƙoshin lafiya ya ɗauka ba shi da ita, alhali yana iya ɗauke da ƙwayar yana yaɗa ta. Wanda kuma ya ji alama a jikinsa ya ga babu amfanin gwaji, tun da abin da za a gaya masa mutuwa ce da tonon asiri.

A cikin wannan shiru cutar ta yi ta yaɗuwa. Ƙididdigar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta riƙa yi a tsakanin mata masu zuwa awon ciki ta nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, da 4.5 a tsakiyar shekarun 1990, da 5.4 a 1999, har ta kai ƙololuwa da kashi 5.8 a 2001. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a lokacin yake Tudun Wada, da asibitin mishan na Wusasa, da Saye, abin da likita ke iya yi bai wuce jinyar tari da gudawa da ƙuraje ba. Tarin fuka, wanda shi ne babban ajalin masu karya-garkuwa, ya ƙara ƙarfi. A ƙasashen masu arziki an sami haɗin magunguna uku mai danne ƙwayar tun 1996, amma kuɗinsa na shekara ya kai dala dubu goma ko fiye, abin da talakan Nijeriya ko a mafarki bai riƙe ba.

Abu biyu suka fara karya shirun. A watan Agusta na 1997 Farfesa Olikoye ya fito fili ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa, mawaƙin nan Fela. A 1998 kuma masu ɗauke da ƙwayar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, suka fara magana da bakinsu.

5.0 ZUWAN MAGANI, 2002-2019

Komawa mulkin farar hula a 1999 ta buɗe sabon babi. A shekarar 2000 aka kafa kwamitin ƙasa na NACA, wanda ya zama cikakkiyar hukuma a 2007. Jihar Kaduna ma ta kafa tata, KADSACA. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da maganin danne ƙwayar a cibiyoyi 25, galibinsu manyan asibitoci, da nufin kai wa manya 10,000 da yara 5,000, majinyaci yana biyan naira 1,000 a wata.

Wanda ya san tarihin kuturta zai ga cewa wannan mataki ya yi kama da zamanin sansani. Magani yana can a wurare ƙalilan, sai mai kuɗin mota da kuɗin gwaji ke kai gare shi. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004 maganin ya yanke a cibiyoyi da dama, abin da ke ba ƙwayar damar bijirewa, kamar yadda ya faru da dafson. Sauƙi ya samu ne da shigowar kuɗin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2004. A 2006 aka mai da maganin kyauta.

A Zariya, asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, kuma sashen da ke kula da masu karya-garkuwa aka raɗa masa suna Nasara, suna mai ƙarfafa zuciya. Sai dai Shika tana bayan Samaru a kan hanyar Funtuwa, tafiya ce ga matar da ke cikin birni, wadda sai ta nemi izini da kuɗin mota, ta kuma shirya amsar da za ta ba wanda ya tambaye ta inda take zuwa kowane wata. Don haka saukowar gwaji da magani zuwa asibitoci irin na Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da ƙananan asibitocin unguwa, ita ce sha-ka-tafin wannan zamani.

Ilmi ma ya ci gaba. Tun 1994 aka san cewa magani na rage yaɗuwar ƙwayar daga uwa zuwa jariri. A 2011 wani babban bincike ya nuna cewa fara magani da wuri na rage harbin abokin zama da kashi 96 cikin ɗari, daga baya kuma aka tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar a jininsa har awo ya kasa ganinta ba ya harbin matarsa ko mijinta ta wajen saduwa. A 2016 Nijeriya ta amince a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani nan take. A 2014 an kuma yi dokar hana tsangwama, wadda ta haramta korar ma'aikaci ko tona asirin majinyaci saboda wannan cuta.

Babbar ƙididdigar gida-gida ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonta a watan Maris na 2019, ta nuna kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na manya ke ɗauke da ƙwayar, watau mutum wajen miliyan 1.9. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 0.6, amma Jihar Kaduna, da kimanin kashi 1, ita ce kan gaba a shiyyar. Lalle a lura cewa wannan raguwa ba ta aikin magani kaɗai ba ce. Hanyar ƙidayar ma ta fi ta dā inganci.

6.0 WAƊANDA AKA BARI A BAYA

Ƙanƙantar adadi na jimla tana iya ruɗin mai karatu, domin cutar ba ta rabu daidai wa daida ba. Ta taru ne a wasu rukunoni.

Rukuni na farko mata ne. Ƙididdigar 2018 ta nuna yawan mata masu ɗauke da ƙwayar ya kusa ninka na maza. Da yawansu a ɗakin aure suka same ta. A inda ake auren mace fiye da ɗaya, ga yawan saki da sake aure, mutum ɗaya da bai san matsayinsa ba yana iya shafa wa gidaje da dama. Sau da yawa kuma matar ce ake fara ganowa a wurin awon ciki, sai laifi ya faɗa kanta, ko da ba ita ta kawo ba. Binciken da Kathryn Rhine ta yi a Kano, wanda aka buga a 2016, ya nuna yadda irin waɗannan mata ke ɓoye ciwonsu don tsare mutunci da aure, da yadda ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar suka zama wurin neman miji ga zawarawa.

Na biyu jarirai ne. In ba a ɗauki mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na 'ya'yan masu ƙwayar kan kamu a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani kuwa adadin kan sauko ƙasa da kashi 5. Amma ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Matar da ba ta zo awo ba, ba a gwada ta ba, balle a tsare ɗanta. Wannan na cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta daɗe a sahun gaba a duniya wajen yawan jariran da ke kamuwa.

Na uku su ne waɗanda addini da al'ada da doka suka yi tir da sana'arsu ko halayyarsu: mata masu zaman kansu, da maza masu neman maza, da masu tsira wa kansu allurar maye. Ƙididdigar da gwamnati ta yi a kansu ta nuna cewa a tsakanin mata masu zaman kansu da ke zaune a gidajen karuwai adadin ya sauko daga kashi 37.4 a 2007 zuwa 19.4 a 2014, a rukunin da aka fi daɗewa ana kai wa faɗakarwa da kororon roba har inda suke. A tsakanin maza masu neman maza kuwa ya tashi daga kashi 13.5 zuwa 22.9 a daidai wannan tsakani, kuma dokar da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta ƙara musu tsoron zuwa asibiti. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yi hukunci a kan halin kowa. Abin da tarihi ya nuna shi ne, waɗannan mutane ba a tsibiri suke ba. Abokan hulɗarsu magidanta ne, direbobi masu kwana a zango irin su Mararrabar Jos, da sojoji, da ɗalibai, da 'yan kasuwa, kuma da yawa daga cikinsu su kansu suna da aure. Cutar da aka bari a bayan tasha, a ƙarshe cikin gida take kwana.

7.0 ABIN DA TARIHI YA KOYAR

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da darussa biyar.

Na ɗaya, a ci gaba da kusantar da magani. Ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda, wanda ya bazu a 2020 saboda annobar korona, da karɓar magani a kantin magani na unguwa, da kayan gwajin da mutum ke yi wa kansa a ɗaki, duk jikokin tsarin Ross ne. Haka ma allurar rigakafi ta Lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Yuli na 2025: amfaninta na ga waɗanda aka ambata a sashe na 6.0, in har ta kai gare su.

Na biyu, a guji keɓewa ko da a cikin asibiti ne. Ƙofa ta daban, ko rana ta daban, ko kati mai launi na daban, duk tallar majinyaci ce. Mai karya-garkuwa ya zauna layi ɗaya da mai hawan jini da mai ciwon sukari.

Na uku, a yi aiki da mutanen da jama'a ta riga ta yarda da su. Ungozoma ce ke shiga ɗakin da malamin asibiti ba ya shiga, ita za ta iya raka mai ciki wurin gwaji. Wanzami, mai kaciya da ƙaho da cire beli, yana bukatar sanin haɗarin aska ɗaya ga mutum biyu. Limamai da masu unguwa su ke ɗaura aure. Gwajin kafin aure, wanda Hukumar Hisba ta Kano ta sa a auren zawarawa tun 2012, Jihar Kano kuma ta mai da shi doka a 2024, yana da amfani matuƙar an rufa asirin wanda aka samu, aka kuma ɗora shi a kan magani. In babu wannan, takardar jabu za ta yi kasuwa. Fiye da kowa kuma, masu ɗauke da ƙwayar su suka fi sanin inda 'yan'uwansu suke, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Na huɗu ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye, watau harshe. Aikin daidaita kalmomi da Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa da Ibo da Yarabanci a 2017, ya bambanta karya-garkuwa da ƙanjamau. Sauran aiki shi ne wannan bambanci ya shiga rediyo da huɗuba da fim da littafin makaranta, har kowa ya san cewa ba a ɗaukar ƙwayar ta cin abinci tare, ko musafaha, ko cizon sauro, kuma mai shan magani yana iya aure ya haifi ɗa lafiyayye. Abin da aka yi a Tukur-Tukur a zamanin Yaƙi da Jahilci ya nuna cewa aikin mai yiwuwa ne.

Na biyar kuɗi ne. Fiye da shekara ashirin, mafi yawan kuɗin maganin daga waje yake zuwa, alkawarin Abuja na kashi 15 kuwa Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, ayyuka da dama suka tsaya, musamman na rigakafi a tsakanin rukuni na uku. A watan Fabrairu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Ko maganin kuturta ma ya yanke a ƙasar kusan shekara guda, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

8.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala mun ga yadda kuturta ta gagari sansani amma ta rusuna wa sha-ka-tafi, da yadda ƙanjamau ta bi kusan wannan tafarki: shekara goma sha biyar na tsoro da musu, sa'an nan magani a cibiyoyi ƙalilan, sa'an nan saukowarsa zuwa unguwanni. Bambancin shi ne kuturta tana warkewa, karya-garkuwa kuwa danne ta ake yi har iyakar rai, don haka duk ranar da magani ya yanke ko majinyaci ya ji kunyar zuwa, aikin baya na iya rushewa. Ma'aunin nasara a Zariya, saboda haka, shi ne ko matar da ke cikin lungun birni, da jaririn da aka haifa a gida, da wadda ke zaune a bayan tasha, sun sami gwaji da magani cikin rufin asiri. Muna fata masana tarihi da harshe za su haɗa hannu da likitoci wajen tattara tarihin baka na tsofaffin mazauna Saye da na ƙungiyoyin masu karya-garkuwa na Zariya, tun waɗanda suka ga farkon al'amarin suna raye.